Wane Bashi Zango Yake Bin Mai Kwana Ɗaya?

Kwanakin baya wani yaronmu na nan Sabo da ke karatu a jihar Minesota ta Amurka ya turo wa mahaifinsa hotuna ta WhatsApp, wayar kuwa ta zaga majalisar mai shayi daga hannu zuwa hannu. A hoton farko ga shi tsugune a bakin wani ɗan tanti, gefe guda tafki ne shimfiɗe, bayansa dogayen itatuwa sun tokare sama. A na biyu yana hura wutar itace, ga ƴar tukunya a kai. Da aka ji cewa sai da ya biya kuɗi kafin a bar shi ya kwana a wurin, majalisa ta ɓarke da dariya. Wani dattijo ya ce, "Ikon Allah! Mu muna neman kuɗin da za mu rabu da kwanan ƙasa, su kuma suna biyan kuɗi su koma." Wani ya ce in dai sauro da hayaƙi yake marmari, ai da ya yi zamansa a gida an ba shi kyauta.

Da mu aka yi dariyar. Amma hoto na ƙarshe shi ne ya tsaya mana a rai. Fili ne kawai, ba tanti, ba tukunya, ba ko leda ɗaya, sai teburin katako da murhun ƙarfe da aka share tokarsa. Mahaifin ya tambaye shi, "Kai kuma me ya kai ka ɗaukar hoton fili?" Yaron ya amsa, "Baba, inda na kwana ke nan. Haka ake barinsa, don da yamma wani zai sauka."

Wannan amsa ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Mutumin da zai kwana ɗaya ko biyu a wuri, ba gidansa ba, ba gonar ubansa ba, wataƙila ma har abada ba zai sake taka wurin ba, wane bashi wurin yake bin sa? Tambaya ce mai kama da wasa, amma mu da muke zaune a garin da ba nan aka binne cibiyar kakanninmu ba, ta shafe mu fiye da kowa.

Bari mu fara da wurin da yaron ya kwana. Sunansa Itaska, gandun daji ne na shaƙatawa mallakar gwamnatin jihar Minesota, kuma shi ne mafi daɗewa a jihar, don an kafa shi ranar 20 ga Afrilu, 1891. Faɗinsa ya haura eka 32,000, a cikinsa akwai tafkuna fiye da 100. Daga babban tafkin, wanda gandun ya ci sunansa, kogin Misisipi yake fitowa. A bakin mafitar, kogin ɗan rafi ne da yara ke tsallakawa a kan duwatsu, suna cire takalmi suna shiga ruwan iya gwiwa. Wannan ɗan rafin ne yake tafiyar da ta wuce kilomita 3,700 kafin ya zuba a tekun Meksiko. Ana ƙiyasta cewa ɗigon ruwan da ya bar tafkin yau sai ya yi kimanin wata uku a hanya kafin ya kai teku.

Abin alfaharin wurin shi ne itatuwansa, irin dogayen nan miƙaƙƙu masu ganye siri-siri kamar allura, waɗanda ake yanka katako da su. Wasu cikinsu sun haura shekara 300 a tsaye. A ƙarƙashinsu aka keɓe filayen kafa tanti, kowane fili da lambarsa, da teburinsa, da murhunsa. Mutane na zuwa da iyalansu su kwana, su yi kamun kifi, su tuƙa kwale-kwale, su hau keke, su yi iyo, su bi sawun daji da ƙafa. Da hunturu kuwa, idan tafkin ya daskare, wasu kan huda ƙanƙara su jefa ƙugiya. Dubban ɗaruruwan mutane ne ke ziyartar wurin kowace shekara, kusan dukkansu kuma baƙi ne masu wucewa.

To ta yaya wurin da kowa baƙo ne a cikinsa bai koma juji ba? Akwai dokoki, wannan gaskiya ne. Ba a hura wuta sai a cikin murhun da aka tanada. Ba a tsintar itacen daji a ƙona, ko da busasshe ne da ya faɗi da kansa, saboda ruɓewarsa ita ce takin ƙasa kuma mafakar ƙananan halittu. Ba a shigo da itacen wuta daga ko'ina sai wanda hukuma ta yarda da shi, saboda wani ƙwaro mai kashe itatuwa da ke ɓuya a ƙarƙashin ɓawo. Mai kwale-kwale sai ya cire ciyawar da ta maƙale, ya zubar da ruwan da ke ciki kafin ya ɗauke shi zuwa wani tafki, don kada ya kai wa wancan tafkin wata annoba. Daga ƙarfe goma na dare zuwa takwas na safe ba hayaniya, ba kiɗa.

Duba waɗannan dokoki da kyau, za ka ga kusan babu wadda aka yi don amfanin mai bin ta. Wanda ya tsinci busasshen reshe ya dafa shayinsa ba abin da zai same shi a daren nan. Wanda ya shigo da itace mai ƙwaro zai koma gida lafiya lau, itatuwan kuma sai bayan shekaru za su fara bushewa, lokacin shi ya ma manta sunan wurin. Duk dokokin suna kare wani ne da ba ya nan: wanda zai sauka gobe, wanda ke shan ruwan kogin a can ƙasa, yaron da ba a haifa ba tukuna. Wato wurin yana roƙon baƙo ya takura wa kansa saboda mutumin da ba zai taɓa gani ba, balle ya ce masa an gode.

A nan wani zai ce, "Malam, bar wannan zance. Tsoron tara ne kawai. Ƙasar masu kuɗi ce, ga ma'aikata, ga doka mai aiki. Mu ma da muna da irin haka da mun gyaru." Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba za mu musa ba. Sai dai ma'aikacin gandu ba ya iya tsayawa a kan kowane tanti da tsakar dare a dajin da ya kai wannan faɗi. Kuma tarihin wurin da kansa ya ƙaryata cewa doka ce ta fara zuwa sannan hali ya biyo baya.

A ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin katako ne ke da ƙarfi a arewacin Minesota, suna sare daji kamar ana girbin dawa. Wani mai safiyon ƙasa kuma masanin tarihi, Jacob Brower, ya je auna mafarin kogin, ya ga cewa in ba a yi wani abu ba, ba za a bar itace ɗaya a bakin tafkin ba. Shi ya dage har majalisar jiha ta amince da kafa gandun, kuma da ratar ƙuri'a ɗaya tak dokar ta wuce. Aka naɗa shi mai kula da wurin ba tare da albashi ko wani tallafin kirki ba. Ko bayan haka sara bai tsaya nan take ba, domin ba duk filin da ke cikin iyakar gandun ne a hannun gwamnati ba, an ci gaba da yanke wani sashe na shekaru.

Sai kuma 1903. Mai kula da gandun na lokacin ya rasu, aka naɗa ƴarsa Mary Gibbs, mai shekara 24, ta riƙe wurin. Wani kamfanin katako ya datse bakin tafkin don ruwa ya taru ya kwashe masa gungume zuwa ƙasa. Ruwan ya yi ta hawa har ya fara cin gindin tsofaffin itatuwan da ke gaɓa, irin waɗannan itatuwa kuwa in saiwarsu ta daɗe a ruwa mutuwa suke yi. Yarinyar ta je madatsar ta ce a buɗe. Mai gadin madatsar, da bindiga a hannunsa, ya yi barazanar harbe hannun duk wanda ya taɓa marfin. Ta ɗora hannunta. Bai harba ba. Ƙarfinta bai kai ta buɗe ƙofar ita kaɗai ba, amma daga baya aka zo da hukuma aka saki ruwan, itatuwan suka tsira.

Me ta samu? Kamfanin ya garzaya kotu, kafin watan ya ƙare kuma an naɗa wani a madadinta. Duka-duka ƴan watanni ta yi a kan aikin. Yau akwai ginin karɓar baƙi da aka sa wa sunanta a kusa da mafarin kogin, amma wannan karramawa ta zo ne bayan shekaru masu yawa. A ranar da ta ɗora hannunta a kan marfin nan, ita ma mai wucewa ce, ba ta da tabbacin gobe a wurin. Inuwar da yaronmu ya kafa tantinsa a ƙarƙashinta, bayan shekara fiye da 120, sadakar mutanen nan ce da ba su san da zuwansa ba.

A nan muke ganin amsar tambayarmu ta fara fitowa. Muna yawan ɗauka cewa haƙƙin wuri yana kan mai shi ne kaɗai, baƙo kuwa ba ruwansa. Amma babu baƙon da ke sauka a kan fili fayau. Inuwar da ya tarar, wani ne ya shuka ko ya hana a sare. Ruwan da ya sha, wani ne ya ƙi ɓata shi. Tun kafin ya kwance kayansa ya riga ya ci bashi. Waɗanda suka ba shi bashin sun wuce, ba zai iya mayar musu ba. Hanya ɗaya ce ta rage a biya, ita ce a miƙa wa mai zuwa. Saboda haka tsawon zama ba shi ne ma'auni ba. Mai kwana ɗaya ya sha inuwar yini guda, ana bin sa ta yini guda. Mai shekara hamsin kuwa sai ya yi lissafin nasa.

Kada kuma a ɗauka muna wanke mutanen can tas. Tun kafin a san da wani gandu, ƙabilar Ojibwe ce ke zaune a yankin, tafkin yana da sunansa a harshensu. Baturen da ake cewa ya gano mafarin kogin a 1832, Henry Schoolcraft, wani shugabansu ne mai suna Ozawindib ya yi masa jagora har wurin, sannan shi ya laƙaba wa tafkin sabon suna da ya harhaɗa daga kalmomin Latin. Cikin ƙarnin nan ne aka karɓe mafi yawan ƙasarsu ta hanyar yarjeniyoyi. Har yau akwai tsofaffin kaburbura na mutanen farko a cikin gandun. Wato waɗanda ke ganin su ne ƴan gari a yau, jiya su ne baƙi. In ka bi tarihin kowace ƙasa da nisa haka za ka tarar, bambancin baƙo da ɗan gari sau da yawa bambancin wanda ya riga sauka ne kawai.

To, mu dawo gida, don ba yawon buɗe ido ya sa muka kawo wannan labari ba. Abin da yaron nan ya biya kuɗi ya yi na kwana biyu, ai sana'ar kakanninmu ce. Fataken da ke bin hanyar Gwanja neman goro wata da watanni suke yi suna yada zango, yau nan gobe can, madugu na gaba. Daga wannan kalma ce unguwanni irin namu suka samo suna a ƙasashe da dama. Ba sai an faɗa mana ba, ayarin da ya ɓata rijiyar zango ko ya ɓata da mutanen gari, shi zai sha wuya a dawowa, in ma ba shi ba, ayarin da ke bayansa. Sabon nan da muke ciki tun 1916 aka keɓe shi. Waɗanda suka zo cinikin goro da shanu da niyyar su yi ƴan shekaru su koma, jikokin jikokinsu ne ke wasa a lungunanmu yau.

Amma har gobe za ka ji mutum an haife shi a nan, ya yi aure a nan, ya aurar a nan, yana cewa, "Ai mu nan zaman kasuwa muke yi, gida na can." Ba laifi ba ne mutum ya tuna asalinsa, kuma ba laifi ba ne ya yi gini a can. Laifin shi ne abin da wannan magana take halatta mana. Ita ce ke sa a gina bene a garinsu a bar kwatar ƙofar gida a nan ta toshe shekara da shekaru. Ita ce ke sa in ruwan sama ya sauko a aiki yara su juye shara a cikin lambatu, wai ruwa ya tafi da ita. Ina yake kai ta? Ƙofar wani. Dattawanmu sun ga ambaliyar Ogunpa ta 1980, matasanmu sun ga ta Agustan 2011, kuma a duka biyun toshewar hanyoyin ruwa da shara da gini a bakin rafi suna cikin abubuwan da aka ɗora wa laifi. Ba mu kaɗai ke zubarwa ba, gaskiya ne, amma ledarmu ma tana ciki. Kuma a ƙirga mana, itatuwa nawa ne a unguwar nan da za mu nuna mu ce mu muka shuka?

Mun san amsar da ke zuciyar mutane da yawa, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce, "Mutum ya shuka itace a inda dare ɗaya za a iya cewa ya tashi?" Wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Sasa a Fabrairun 2021, ya ga shaguna da gidaje sun ƙone, ya ga mutanen da suka shekara talatin a wuri suna neman motar Arewa da ƙullin kaya a ka, ba za a ce masa tsoronsa ba shi da dalili ba. Shi ya sa muke riƙe da karin maganar nan cewa gida biyu maganin gobara. Ba za mu yaudari kowa mu ce share kwata ko dasa darbejiya zai hana fitina in ta tashi ba. Ba zai hana ba.

Sai dai mu lura da abu biyu. Na farko, karin maganar gida biyu ta ce, ba gida ɗaya da kango ba. In nan ɗin ma gida ne, to yana da haƙƙin gida. Na biyu, rashin tabbas bai taɓa sauke wa kowa nauyi ba, don babu mai tabbas. Mary Gibbs ba ta da shi, an kuma cire ta ɗin kamar yadda ake tsoro, amma itatuwan suna nan. Ɗan garin da ke taƙama da gidan gado shi ma bai san ko zai ga damina mai zuwa ba. In sai wanda ya tabbata zai daɗe ne zai gyara wuri, to duniya kaf ba mai gyarawa. Wanda ya ce ba zai shuka ba sai an ba shi tabbacin shan inuwa, ya manta cewa inuwar da yake zaune a ciki yanzu, wanda ya shuka ta bai nemi wannan tabbaci ba.

Akwai kuma wata riba da ba a auna ta da mudu. Ana cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Mun daɗe muna jin wannan magana a matsayin gori, wani lokaci ma mu muke faɗa wa kanmu don mu sami uzuri. Amma ko raɓar, kafin rana ta ɗauke ta, ai takan jiƙa ciyawar da ta kwana a kai. Mutumin da ke kula da inda yake kwana yana gaya wa maƙwabtansa, ba da baki ba, cewa shi ma yana da rabo a alherin garin da kuma asararsa. Yana kuma gaya wa ƴaƴansa cewa su ba kaya ba ne da aka ajiye a tasha ana jiran mota. Yaron da ya tashi yana jin cewa nan ba nasu ba ne, can kuma bai san kowa ba sai da salla, wane wuri zai ƙaunata har ya kare shi?

Ba mu ce kowa ya sayi tanti ya nufi daji ba, ko da yake wanda ya kai iyalinsa lambun Agodi ko bakin ruwan Eleyele suka sha iska na yini ɗaya bai yi asara ba, in dai ya dawo da ledar ruwansa da ɓawon lemonsa. Abin da muke roƙo bai kai haka wuya ba. Kowane gida ya ɗauki kwatar ƙofarsa a matsayin tasa, ba ta gwamnati ba, ba ta mai gidan haya ba. A daina bai wa ruwan sama aikin kwasar shara. Ƙungiyoyin matasanmu, da suka iya haɗa kuɗin gasar ƙwallo da na biki, su gwada haɗa na dashe kafin damina ta yi nisa, a dasa a bakin makarantu da masallatai da inda masu gida suka yarda, a kuma sa wanda zai riƙa ba su ruwa da kare su daga awaki, don dasawa ba ita ce wahalar ba, reno ne. Mai haya kuma in zai tashi, ya bar ɗakin yadda zai so ya tarar da wanda zai koma.

Dattijon nan da ya fara yi wa yaron dariya, da wayar ta sake zagayowa hannunsa, ya daɗe yana kallon hoton filin. Can sai ya ce, "Wannan itacen ƙofar masallaci da muke zama ƙarƙashinsa, wa ya dasa shi ne?" Aka yi shiru. A majalisar nan akwai waɗanda suka haura saba'in, duk a nan aka haife su, amma ba wanda ya iya faɗin sunansa. Abin da aka sani kawai shi ne wani ne daga cikin mutanen farko, irin waɗanda suka zo da niyyar komawa.